Wayar da Take Kwana a Shagon Kailani

Kailani ya ci amanar iyayen yara, ya ci amanar yayarsa, sannan ya nemi ya shafa wa bawan Allah kashin kaji. Babu wani suna mai taushi da za a ba abin da ya yi. Amma kafin a zo kansa, sai a fara daga ranar da Rauda ta fara ganin Suhaibu.

A shekarar korona ne, an rufe makarantu, an sa dokar kulle. Tudun Wada da ba ta rabuwa da ƙarar keke da acaɓa ta yi tsit. Rauda ta dawo gida daga kwalejin horar da malamai, ta tarar ƙanwarta Ishatu, 'yar aji huɗu, ta mai da hutun dole na barci da tsalle-tsalle.

Wata safiya aka yi sallama a zaure. Mahaifinsu, Malam Ɗantsoho tela, yana ciki a kan keken ɗinki yana ta fitar da takunkumin fuska, ya ce Rauda ta leƙa. Ta tarar da wani saurayi dogo, takunkumi ya rufe masa rabin fuska, idanunsa kawai take gani. Ya ce shi ne Suhaibu, malamin ajin su Ishatu a makarantar Hajiya Rakiya, gida-gida yake bi yana karɓar lambobin iyaye, domin za a riƙa turo darasi ta WhatsApp.

"Babbar waya ɗaya ce a gidan nan, ta Baba," in ji Rauda. "Tawa ƙarama ce, kira da tes kawai ta iya."

"To a ba ni ta Baba saboda Ishatu." Sai ya ƙara da cewa, "Ƙaramar ma in da hali a ba ni, in ɗaliba ta yi lalaci in san inda zan kai ƙara."

Rauda ta gane irin ƙarar da ake nufi. Ta sunkuyar da kai, ta ba shi.

Haka gidan ya koma makaranta. Da safe Malam Ɗantsoho zai miƙa wa Rauda waya yana mita, da azahar ya karɓi abarsa saboda masu ɗinki suna kira. Yaran maƙwabta da babu babbar waya a gidajensu suka fara zuwa, Rauda ta baza musu tabarmi nesa da juna. In sabis ya ƙi, a ɗora waya a kan turmi kusa da katanga, kowa ya yi shiru, muryar Suhaibu ta fito tana rarraba kashi. Yara suna sauraron lissafi, ita tana sauraron murya.

Da yamma ƙaramar wayarta ta yi ƙara, saƙo ne daga Suhaibu.

"Na ga aikin Ishatu, lissafi ya fita. Sai dai rubutun ya yi wa 'yar aji huɗu kyau da yawa. Wa ya riƙe mata biro?"

"Malam, sharri ba kyau. Gyara kawai na yi."

"To mai gyara, ni ma akwai abin da ya lalace mini tun ranar da na tsaya a zaurenku. Barcina ne."

Kafin damina ta yi nisa, ya daina ce mata mai gyara, ya koma Raudata, ita kuma ta ƙara wa Malam ɗin "na" a ƙarshe. Suhaibu bai tsaya wasa ba, ya turo kawunsa neman izinin zance. Malam Ɗantsoho bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Da baƙon ya tafi, ya faɗa wa Rauda a fili cewa malamin makarantar da take rufe, wadda babu wanda ya san ranar buɗe ta, ba miji ba ne tukuna. Da me zai riƙe ta, da alli?

Abin da iyaye ba su sani ba shi ne, wayar da ake turo darasi da ita ba ta Suhaibu ba ce, ta makaranta ce, shi ma tasa ƙarama ce. Kowa ya ajiye lambar da sunan Malam Suhaibu. Da ya gama darasi sai ya kai ta shagon Kailani, ƙanin Hajiya Rakiya, mai cajin waya da janareton da ta ba shi aro, a can take kwana sai safe. Kailani kuwa ya taɓa tare Rauda a ranar da aka buɗe kasuwa, ta ba shi amsar da ta dace da shi. Ya riƙe abin a ransa. Da ya ga hotunan aikin Ishatu suna zuwa daga wata lamba, sai ya ɗauka ta Rauda ce. Ya rubuta, ya aika, ya goge daga ɓangarensa.

"'Yan mata, kin iya tafiya. Bar batun karatun nan, faɗa mini inda za mu haɗu mu biyu. Ba sai tsohon nan ya sani ba."

Tsohon nan ne ya karanta, da tabarau a hancinsa.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya sa aka kira Suhaibu. Rauda tana bayan ƙofa tana jin komai. Suhaibu ya durƙusa, ya rantse bai san da saƙon ba, ya ce wayar ba a hannunsa take wuni ba. Malam Ɗantsoho ya ce duk wanda aka kama yana da wanda zai nuna. Ya daɗe yana wanke shi, har aka kusa kiran magariba, sannan ya ce kada ya ƙara taka ƙofar gidansa, Ishatu kuma ta bar darasin waya.

Aka naɗe tabarmi. Yaran maƙwabta suka koma wasa a layi. Rauda ta kasa ci, domin ita ma ta ga saƙon da idonta, ga sunansa a sama. Ba fushin Baba ne ya fi damunta ba, shakkar da ta shiga zuciyarta ce. Da dare saƙon Suhaibu ya shigo ƙaramar wayarta.

"Raudata, ban rubuta ba. Ina da wanda nake zargi, amma ba zan kama sunan mutum ba tare da hujja ba, tunda na ɗanɗana zafin hakan. In kin yarda da ni, ya ishe ni."

Ta karanta har ta haddace, ba ta ba da amsa ba.

Ana cikin haka maƙwabciyarsu Sarah, nas ce, wadda ake kira Maman Nicholas, ta shigo da waya a hannu, ranta a ɓace. Ɗanta ajinsu ɗaya da Ishatu. Ta ce ta ji abin da ya faru, ita ma ga abin da malamin ya turo, da alama babbar 'yarta yake nufi. Ta riga ta gaya wa Hajiya Rakiya, in ba a sallame shi ba za ta cire ɗanta. Ta karanta saƙon, kusan kalma da kalma irin na Rauda.

Malam Ɗantsoho ya dubi 'yarsa ya ce ta gani ko, sana'arsa ke nan.

Rauda ta karɓi wayar. Ta kalli saƙon, ta kalli ranar da ya shigo, ta sake kallo.

"Baba, ranar Juma'a ne, bayan la'asar."

"To sai me?"

"A lokacin yana ina, Baba?"

Ƙafar Malam Ɗantsoho ta tsaya a kan keke. Mutum ne mai zafi, amma ba ya cin gaskiya ko da a kansa ta faɗo. Ya ce a lokacin yaron yana durƙushe a gabansa, hannuwansa biyu a kan gwiwa, ko hula bai taɓa ba balle waya.

Ya ciro wayarsa ya miƙa wa Rauda, ya ce ta ba wancan saƙon amsa, ta ce ya zo gobe bayan la'asar.

"Me zan rubuta, Baba?"

"Abin da kuke rubutawa mana. Ni na sani? Ki dai ce tsohon ba ya nan."

Maman Nicholas ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

Washegari aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ga Malam Ɗantsoho, ga mai unguwa, ga Hajiya Rakiya da Maman Nicholas daga ciki, ga Suhaibu da aka kira ba a gaya masa dalili ba. Turare ne ya fara shigowa kafin mutum. Kailani ya leƙo da sabuwar shadda, takunkumi a ƙarƙashin haɓa, yana murmushi, wayar makaranta a hannunsa.

"Shigo mana," in ji Malam Ɗantsoho. "Tsohon ya fasa tafiya."

Kailani ya fara kame-kame, wai caji ya kawo, wai layi ya ɓace masa. Hajiya Rakiya ba ta bar shi ya gama ba. Ta karɓi wayar, ta ba kowa haƙuri, ta ce ita ta ba shi amana, kunyar tata ce.

Da mutane suka watse, Malam Ɗantsoho ya tsayar da Suhaibu. Ya ce ya zalunce shi, ya roƙe shi ya yafe masa. Ya ce ya ga mutumin da aka ci wa mutunci bai ɗaga murya ba, bai kuma kama sunan kowa da zato ba, kuma irin wannan shi ake ba wa 'ya, ko da alli ne kawai a aljihunsa. Ya ce masa ya turo magabatansa.

Kafin Suhaibu ya kai bakin titi, saƙo ya shigo masa.

"Malamina, na yi shakka, ba zan ɓoye maka ba. Ka yafe wa ɗalibarka."

"Na yafe, Raudata. Amma akwai horo. Za ki riƙa gyara mini aikin yara har ƙarshen rayuwa."

"Na karɓa. Sai dai biron nawa ne."

Washegari tabarmi suka dawo tsakar gida, waya ta koma kan turmi. Wayar makaranta kuwa yanzu a ɗakin Suhaibu take kwana, Maman Nicholas ta ba shi aron fitilarta mai caji da hasken rana, da ita yake cajin wayar. Da aka buɗe makarantu, yaran layin su Rauda ba su koma da kai fanko ba, Ishatu ce ma ta zo ta biyu a ajinsu.

Bayan an ɗage kulle aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ɗantsoho. Shi da kansa ya ɗinka wa ango babbar riga. Iyayen yara suka cika layi, na masallaci da na coci, 'yan aji huɗu kuma suka yi ta rigima a kan wa zai zauna kusa da amarya. Da za a tafi da ita, mahaifinta ya ɗora hannu a kanta ya ce Allah Ya yi mata albarka, Ya ba su zaman lafiya da zuri'a tagari, Ya sa gaskiyar da ta haɗa su ta riƙe su har tsufa. Kowa ya ce amin.

Kailani kuwa, Hajiya Rakiya ta karɓe janaretonta, ta hana shi taka makarantar. Babu uba ko miji a Tudun Wada da ya ƙara kai masa waya caji. Ya rufe shago, ya bar unguwar.