Goyon da Rifkatu Ta Sauko da Shi

Shanya aka aiki Rifkatu ta kwaso daga saman bene, shi ke nan fa. Rana ta kusa faɗuwa, Inna Widad mai dafa wa yara abinci ta leƙo daga kicin ta ce, "Yalla, maza 'yar nan, kwaso mana kayan yaran kafin duhu ya yi." Tsohuwa ce 'yar Sudan. Kakanninta daga ƙasar Hausa suka tashi za su hajji suka zauna a hanya, shi ya sa duk cikin ma'aikatan gidan ita kaɗai ke jin Hausa.

Kwanan Rifkatu shida ke nan a wannan gidan marayu na unguwar Arba wa Nus, can gefen Alƙahira. Su tara ikilisiyarsu ta turo daga Zariya, hidimar mako biyu: a yi wa ɗakuna fenti, a koya wa yara waƙoƙi, a yi musu addu'a, a koma gida. Sauran tun ranar farko suke ta share hawaye suna ɗaukar hoto. Ita kam wanki take yi, ta wanke kwanuka, ta goge ƙasa. In an ce a rera waƙa ta buɗe baki, in an gama ta rufe.

Kada ku ga laifinta. Wata tara da suka wuce ɗanta Ishaku ya mutu a bayanta. Zazzaɓi ne ya yi masa tsanani, ta goya shi ta hau acaɓa zuwa asibiti, tana ta lallashinsa a hanya, ashe tun wajen kasuwa rai ya yi halinsa. Sai da nas ta kwance zanin aka gane. Tun daga ranar Rifkatu ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Matar fasto ce ta sa sunanta a cikin masu tafiya, wai ko ganin marayu zai taɓa mata zuciya. Ina! Kallonsu take kamar yadda take kallon bango.

Ta ɗauki baho za ta hau ke nan, wata yarinya mai suna Nuha ta rarrafo ta riƙe mata ƙafa tana tsala kuka. 'Yar wata goma ce, siririya, uwarta ta rasu a hanya lokacin da suka gudo daga yaƙi. Kowa da abin da ke hannunsa, babu mai ɗaukarta. Rifkatu ta sunkuya, ta cilla yarinyar baya, ta janyo zani ta ɗaure. Hannunta ne ya tuna aikinsa, ita ba ta ji komai ba. Ma'aikatan gidan, da suka saba saɓa yaro a kafaɗa, suka bi ta da kallo har ta shige.

Benen hawa biyar ne. Yara suna hawa na ɗaya da na biyu, na uku ɗakin ajiya. Biyun sama ba a ƙarasa su ba, bulo ne tsirara, babu ƙofa babu taga. Matakalar wajen ma babu abin dafawa, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen rami har ƙasa. Kwan fitila ɗaya ne ke reto a jikin waya.

A saman rufin iska na kaɗawa da ƙaurin shara da aka ƙona da warin kashin tattabaru. Masallatai suka ɗauki kiran magariba ta ko'ina, wannan na shiga cikin wancan. Ta kwashe 'yan riguna da wanduna, ta danna su a baho, ta ɗora a ka.

A hawa na biyar zanin ya saki.

Ta sauke bahon. Ta sauke Nuha ta zaunar da ita a jikin bango, ta karkaɗe zanin za ta sake ɗauri. Sai aka ɗauke wuta.

Duhu ya rufe ko'ina, ko tafin hannunta ba ta gani. Ba ta damu ba, kullum sai an ɗauke a unguwar. Ta lalubo ta gefen bango, hannunta ya faɗa kan jiki mai ɗumi. Ta cilla baya, ta ɗaure tam a ƙirji, ta ɗaure a ƙugu. Bahon ta bar shi sai an kawo wuta. Ta dafa bango ta fara sauka tana laluben matakala da yatsun ƙafa.

Ta wuce hawa na huɗu kafin ta lura da nauyin.

Nuha ba ta da wannan nauyin. Ba ta da wannan zafin jikin kuma, zafi mai ratsa riga. Sai ƙamshi ya zo mata: man kaɗanya, da ɗan zaƙin maganin zazzaɓi na yara.

Wani ƙaramin hannu ya lallaɓo ta wuyanta. Ya kama kunnenta na hagu yana murzawa a hankali.

Yaro ɗaya ne a duniya yake yin haka in barci ya fara ɗibarsa.

Rifkatu ta tsaya.

Daga sama, can inda ta baro, aka fasa kuka. Muryar Nuha ce, dusasshiya.

Ta sani. Wallahi ta sani, da idonta ta ga an tura ƙasa a kan Ishaku. Amma wani abu ya tsage a ƙirjinta, ɗumi ya kwararo, hawayen wata tara suka zubo gaba ɗaya. Daɗi ta ji. Daɗin da ta manta akwai irinsa. Ta kai hannu baya ta tallafe goyon, ta fara jijjiga shi.

"Ishaku?" ta ce, can ƙasan maƙoshi.

Numfashi mai zafi ya sauka a ƙeyarta.

A sama kukan ya canja wuri. Ta ji gwiwoyi suna jan siminti. Nuha na rarrafe, tana bin inda ta ji motsi, kuma ta nan ramin yake.

Wata tsakuwa ta gangaro daga sama ta wuce ta gefen kunnenta. An daɗe kafin ta ji ta buga ƙasa.

Ba ta motsa ba. Ta ci gaba da jijjiga.

Wata tsakuwar ta sake wucewa.

"Mama," aka raɗa mata a kunne. "Ci gaba da sauka."

Ishaku bai fara magana ba ya mutu.

Sai a lokacin ta ji ƙafafun. Ɗazu a ƙugunta suke. Yanzu suna taɓa bayan gwiwarta, masu sanyi, suna reto.

Ta kai hannu ga ƙullin ƙirji. Ya ƙi. Ta ja, farcenta ya karye. Ta so ta kira sunan Yesu, harshenta ya yi nauyi, rabin sunan kawai ya fita. Hannun da ke kunnenta ya matse.

Ta sunkuyar da kai ta sa haƙori.

Zanin ya zame.

Da hannu da gwiwa ta hau, siminti na yankarta, tana lalube cikin duhu. Matakala. Matakala. Yashi. Sai 'yar ƙafa siririya. Ta cafke ta fizgo. Rabin jikin Nuha ya riga ya leƙa ramin.

Ta ƙanƙame ta a ƙirji. Da zaune ta sauko, tana jan jiki daga matakala zuwa matakala, kafaɗarta manne da bango.

A hawa na biyu ta tarar da Inna Widad tsaye da fitilar waya. Tsohuwar ta karɓi Nuha ta duba ta ciki da baya. Sannan ta haska Rifkatu, ba fuskarta ba, saman kafaɗarta.

"Ina zaninki?" ta tambaya da raɗa.

"Na kwance shi, Inna. Ba ita na goyo ba."

Tsohuwar ba ta tambayi wa ta goyo ba. Leɓenta ne kawai ke motsi.

"Da kika kwance, 'yar nan, kin ji wani abu ya faɗi ƙasa?"

Rifkatu ta yi tunani. Ta tuna zamewar zanin a ƙafarta, shap, mara nauyi.

"A'a."

"Ma'alish, sai haƙuri," Inna Widad ta ce. Ta ja da baya taku biyu, ta juya da yarinyar ta shige kicin.

Washegari aka samo bahon da zanin, aka sa katako aka toshe hanyar sama. A taron addu'ar safe shugaban tawaga ya ba da shaida yadda Ubangiji ya yi amfani da 'yar'uwa Rifkatu ya ceci rai, aka tafa mata, wasu har da kuka. Ita tana zaune tana kallonsu. Ba ta gaya wa kowa ba cewa tsakuwa biyu suka faɗo tana tsaye tana jijjiga. Nuha kuwa ba ta ƙara yarda ta zo kusa da ita ba. Da Rifkatu ta juya baya sai yarinyar ta ƙwalla ƙara, ta ɓoye fuska a jikin duk wanda ke kusa.

Tsoro? Rifkatu ba ta ji ba. Abin da ya tsage a ƙirjinta ya koma ya rufe, ta gama sauran kwanakinta tana wanki.

A jirgi, tun daga Alƙahira har suka sauka, a bakin kujera ta zauna. Sau biyu ma'aikaciyar jirgin ta ce ta jingina, ta yi kamar ba ta ji ba. A gida ma haka. A coci ba ta jingina da benci, in za ta kwanta ruf da ciki take yi, in za ta shiga ƙofa sai ta ɗan karkace tukuna.

Mijinta ya yi mako uku yana kallonta. Wata Asabar da safe tana tsaye a tsakar gida tana tankaɗe, jikinta na ɗan rausaya hagu da dama, ya zo ta baya zai dafa ta.

Ta goce da sauri, ta ɗora yatsa a baki.

"A hankali mana," ta ce. "Yanzun nan ya samu barci."