Humrar Auren Zuwaira

A shekarar da aka ƙaddamar da Matacin Numfashi, Hukumar Lafiya ta Birnin Madubi ta sanar cewa an kawo ƙarshen asma, kuma ɗan Adam ya gama mallakar iska.

Likitoci sun daɗe da gane cewa hanci da ƙirji hanya ɗaya ce: in kumburi ya zauna a kogon hanci shekara da shekaru, ƙirji ma ba ya samun sukuni. Saboda haka bayan an yi tiyata an share kogon, sai a dasa Matacin, wata na'ura kamar ƙwayar gero, ta tsaya gadi tana tace duk abin da aka shaƙa. Aibinta ɗaya: ba ta bambance hayaƙin bola da ƙamshin miya. Hukumar ta kira wannan "ƙarin kariya", masu lafiya ma suka bi layi.

Iyatu mai humra tana cikin na farko da aka yi wa aikin. Ta daina tari, tana hawa bene ba ta tsayawa. Sai dai humrar da ta gada wurin mahaifiyarta ba ta da ma'auni. Marigayiyar da hanci take auna sandal da miski, haka ta koya mata. Tun daga tiyatar Iyatu take buɗe kwalba ta ji kamar ta buɗe ruwan famfo. Ga shi an sa ranar auren autarta Zuwaira, kuma a gidansu ba a taɓa kai amarya da humrar kasuwa ba.

"Likita, a kashe min na'urar nan na wuni ɗaya," ta ce.

"Baba, ba fitila ba ce. In aka kashe ta, kumburin zai dawo da ƙarfinsa, kuma ba ta sake kamawa. Akwai ƙamshi kala arba'in da Hukuma ta amince da su, sai mu tura miki ta waya."

"Akwai na uwata a ciki?"

Likitan ya duba allo da gaske. Babu.

Iyatu ta nace, aka kashe na'urar da safe. Kafin azahar ƙamshin sandal ya fara isowa a hankali, kamar baƙon da ya manta ƙofar gida. Ta ƙara miski, ta rage, ta sake ƙarawa, har ta iso daidai ƙamshin mayafin mahaifiyarta. Ta daɗe zaune da kwalbar a hanci. A ƙasan haƙarƙarinta tsohon fiton asma ya fara motsi.

Ranar kai amarya Iyatu ta shafa wa Zuwaira humrar a wuya da bayan kunne. Ɗakin cike da ƙawaye da dangin ango, kowa da na'urarsa a hanci, babu wanda ya waiga.

"Inna, tawa cewa take akwai gurɓata a ɗakin," in ji Zuwaira tana dariya. Sai ta rage murya. "Ƙamshin ya yi irin na Kaka? Gaya min."

Iyatu ta buɗe baki, iskar ba ta isa ta ɗauki magana ba. Ta gyaɗa kai, ta gyara wa 'yarta mayafi, sannan ta zagaya bayan gida ta dafa bango, don kada fiton ƙirjinta ya ɓata wa masu guɗa.