Mai Kiwon Ƙuda

Ranar da Abdullatif ya zo gaida Baba a Kurfi, ina bayan ƙyaure ina saurare.

Baba Lado, mahaifina, ya tambaye shi sana'arsa. Ya ce bincike yake yi a jami'a, a kan ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro.

Rabo, ɗan kawuna da ya daɗe yana sona, ya ce, "Malam, su ma ana tatsarsu?"

Zauren ya ɗauki dariya, har da Baba.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Na daina kai fura Dutsin-Ma, inda muka haɗu da Abdullatif. Ko ya kira ba na ɗauka.

Shi ya biyo ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya roƙi Inno, mahaifiyata, ta raka ni wurin aikinsa.

A can ya ce in leƙa madubin da ke ƙara girman abu. Na ga ɗigo-ɗigo kore suna haske, cunkus.

Ya ce cikin yawun tsutsar ƙuda ne. Kowane ɗigo ƙullin danƙo ne da take tarawa don ta manne a bango ta rikiɗa. Akwai wasu sinadarai, furotin, masu dako da ke kai wa ƙullin kaya har ya nuna. In aka rasa ɗaya, ƙullin ba ya girma. Ya ce jikinmu ma haka yake ƙulla abin da ke daidaita sukari.

"Ikilimata... har yanzu kunyata kike ji?"

Na kasa ɗagowa. A lokacin kunyar kaina nake ji.

Inno ce ta tsaya har aka ɗaura mana aure. Baba ya yarda, amma bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Abdullatif yakan ce in bar shi, wata rana zai kira.

Daminar bara zazzaɓi ya ɗauke mijina.

Bayan addu'ar bakwai Baba ya shigo ɗakina, ya tsaya yana juya sandarsa.

"Ƙwarin nan na Abdullatif, wa ke ba su abinci yanzu?"

Na ce ban sani ba.

Ya kira ƙanena ya ce ya fito da babur.

"Ba a barin dabbar mamaci da yunwa."