Kwandon Amma

"Malar, ce wa waccan tsohuwar ta ɗago kai, Mami na son hoto."

Malar ta juya. Roshini ce ta yi maganar, abokiyar aikinta a kamfanin yawo da baƙi, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan Senduran, saurayin Malar. Ita ta karkato da motar zuwa wannan gonar shayi ta garin Hatton, kuma ta san abin da ta taka.

Tsohuwar mai kwando a baya Amma ce, mahaifiyar Malar.

Shekara biyu Malar na gaya wa Senduran uwarta malamar makaranta ce. Yau ga shi tsaye da tasa uwar, Mami, wadda ta taso tun daga Kolombo ganin surukar da za ta yi.

"Kin yi shiru, 'yar nan," in ji Mami. "Ba ke ce mai tarihi ba? Su wane ne waɗannan?"

Karatun kullum da ake yi wa baƙi ya zubo daga bakin Malar.

"Turawa ne suka kwaso kakanninsu daga Indiya... ganye biyu da toho suke tsinka..."

Amma ta dube ta sau ɗaya, ta gyara igiyar kwandon a goshi, ta yi murmushin da take yi wa baƙi. Mami ta miƙa wa tsohuwar rupi ɗari, ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta rusuna wa 'yarta.

"Na gode, uwar ɗakina."

Nan Malar ta matso. Ta zube a gabanta.

"Uwata ce... Da kwandon nan na yi karatu. Ƙarya na yi maka, Senduran."

Mami ta ja gefen sarinta, zanen da ta yafa.

"Ɗana ba zai auri 'yar layin gidajen lebura ba. Mu tafi."

Senduran bai motsa ba.

"Ƙaryar ta yi min ciwo, masoyiyata. Sai dai da kin bar uwarki ta wuce, da ni ma na wuce."

Ya cire takalmi, ya duƙa ya taɓa ƙafar tsohuwar.

"Amma, ki ba ni ita."

"Tashi, yaro, ƙasar nan duk matsattsaku ne." Ta danƙa masa takardar kuɗin. "Mayar wa mahaifiyarka. Ba a sayar wa suruka hoto."

Malar ta zare igiyar daga goshin uwarta ta ɗora a nata. Har suka kai ƙarshen layin shayin, ba ta iya haɗa ido da ita ba.