Takalmi na Bakwai a Gadar Katako

Na rantse da wanda raina ke hannunsa ba za ku yarda da labarin nan ba, kuma ban ga laifinku ba. Mutumin da aka kora daga makaranta a aji huɗu don ya sa kwaɗo a jakar malamin lissafi, wa zai ɗauki maganarsa? Amma ku sani, ni ban taɓa shirya tsiya ta watse mini a hannu ba, sai sau ɗaya tak, a bakin wani tafki can arewa.

Mu shida muka tafi hutun. Inna, Yaya, mijinta likitan haƙori da muke ce wa Likita, 'yan biyunsu mata masu shekara shida, sai ni Auta. Yaya ba ta so a je da ni ba. Inna ce ta ce gara ta riƙa ganina da ta bar ni da mabuɗin gida kwana biyar. Ni kuwa abin da ya kai ni ɗaya ne, in nuna wa duniya sababbin kambas ɗina, farare fat, waɗanda nake gogewa kowace safiya da buroshin haƙorin Likita. Har yau bai sani ba.

Likita ya samo wata takarda a masauki mai jerin abubuwan da baƙo zai gani a bakin tafkin, ya riƙe ta kamar takardar magani. Muka hau tudu, ya ja layi da biro. Muka leƙa tsohuwar hasumiya, ya ja layi. Muka zauna kamun kifi awa uku, Inna ce kaɗai ta kama, shi ma ɗan tsito, ya ja layi. Muka tsoma ƙafa a ruwan da ya fi ƙanƙara sanyi. Kwana huɗu ina zaune lafiya, in ban da gishirin da na zuba masa a shayi, wanda wannan gaisuwa ce, ba tsiya ba.

Abu na ƙarshe a takardar shi ne shiga kwale-kwale zuwa tsibiri, a ga tsuntsaye suna komawa kwana da yamma.

Mai jirgin tsoho ne, dogo, busasshe, ba takalmi a ƙafarsa, idonsa ɗaya ya yi fari. Yana da 'yar rumfa a gindin wata gadar katako da ta miƙe cikin ruwa, a nan yake ɗaure jirginsa. Dokarsa ɗaya ce.

"Kowa ya cire takalmi ya jera a kan gada," in ji shi. "In mun dawo kowa ya ɗauki nasa. Idona ba ya ƙirga kai da yamma. In takalmi ya rage, mutum ya rage, sai in yi kira."

"Kira ga wa, Baba?" na tambaye shi.

"Ga mai takalmin."

Nan take shaiɗanina ya yi miƙa. Ana ta fama da Inna da gwiwoyinta wajen shiga jirgi, na sulale na leƙa rumfar. Igiyoyi, raga, warin kifi da tsatsa. Can sama akwai kanta, an jera takalma kusan goma, duk a kife, kowanne an ɗaure ƙafa biyun da zaren kamun kifi. Na ce kayan da baƙi suka manta ne. Na zaro wani na fata, babba, ya yi funfuna, na tsinke zaren da haƙori, na cusa takalmin cikin riga.

Tsohon ya bi takalmanmu da yatsa, shida. Muka shiga. Yana kwance igiya na ce na manta wayata a cikin kambas, na yi tsalle na koma, na ajiye baƙon takalmin a ƙarshen layi, na dawo ina riƙe da waya.

Shirin ya yi kyau, ku faɗi gaskiya. Tsoho zai ga takalmi ya rage, Likita zai ruɗe ya hau ƙirga 'ya'yansa, su biyu kacal, ni kuma in fashe da dariya.

Tsuntsayen ma ban kalle su ba. Yaya ce nake ji tana kallona.

"Me kake wa murmushi?"

"Ikon Allah nake kallo, Yaya."

"Auta, ranar da ka fara kallon ikon Allah, ranar zan ɗaure kayana."

Rana ta faɗi muna kan hanyar dawowa. Ruwan ya yi baƙi, ya kwanta lif. Ba ka jin komai sai filafilin tsohon yana shiga yana fita, da kukan kwaɗi daga ciyawar gefe. Muka hau gada, kowa ya sa nasa. Na ɗaure kambas ɗina a hankali ina danne dariya.

Tsohon ya tsaya. Daga inda yake, inuwar takalmin kawai yake gani.

"Ya rage ɗaya."

"Mun cika ai," in ji Likita. Ya dafa kan 'yan biyun, ya sake dafawa. "Mu shida ne, ga mu."

"Na ji ka. Amma doka doka ce."

Ya juya ga ruwa, ya kewaye baki da tafin hannu.

"Mai takalmi, fito ka ɗauki abinka."

Muryarsa ta bi saman ruwa ta tafi. Na ciji leɓe. Ya sake kira. A na biyun ne kwaɗin suka yi shiru, gaba ɗaya, kamar an rufe musu ƙofa.

Ya yi na uku.

Daga ƙarƙashin katakon da muke tsaye aka ƙwanƙwasa. Sau ɗaya. Na ji shi a tafin ƙafata.

Tsohon ya tako a hankali, ya durƙusa, ya shafa takalmin. Hannunsa ya tsaya a kan guntun zaren da ya rage. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta.

"Wa ya shiga rumfata?"

Yaya ta juyo gaba ɗaya ta zuba mini ido.

"Ni kike kallo? Tare muka tafi, tare muka dawo. Komai aka yi a duniya Auta ne. Ki tambayi mijinki mana, shi da ya yi ta zagaye da takarda."

"Ni?" in ji Likita.

"Ko shi Baban. Wa ya sani ko haka yake yi wa baƙi don su tafi da labari."

Kuma wallahi a lokacin na fara zargin haka. Na ce tsohon nan ya gan ni, ya haɗa baki da Likita don a rama gishirin shayi. Wani suka ɓoye a ƙarƙashin gada da sanda. Na ƙudurta a raina ba za su ga bayana ba.

"Takalman da ke kan kantar can," in ji tsohon, "na waɗanda na kira ne ba su amsa ba. Shi ya sa nake kife su in ɗaure. Mai wannan takalmin, shekara tara ke nan yana jiran a sake kiransa. Kada kowa ya sauka daga gadar nan. Wanda ya fito da takalmin yake nema. In bai san shi ba, zai bi ƙafafu ɗaya-ɗaya."

Wari ya taso. Laka ce, irin ta can ƙasa wadda rana ba ta taɓa gani ba.

Na dubi takalmin. Ɗazu a bushe yake ƙamas. Yanzu ya cika da ruwa har baki, yana tsiyaya ta ɗinki.

Sai ƙafar dama ta ɗaga.

Ta sauka. Ta hagu ta biyo.

Cakwal. Cakwal.

Na nemi zare a sama, na nemi zare a ƙasa. Ni ne sarkin wannan sana'a, na san inda ake ɓoye zare. Babu.

Ya tsaya gaban Inna. Ruwa ya malalo ya taɓa yatsunta. Leɓɓanta na motsi, ba ta ja da baya ba. Ya wuce. Ya tsaya gaban Likita, takardar ta faɗi daga hannunsa, ta jiƙe. Da na ga fuskarsa na san ba shi ba ne. Mai gyaran haƙori bai iya wasan kwaikwayo haka ba.

Ya wuce Yaya.

Ya tsaya gaban ƙaramar 'yan biyun, wadda na goya a kafaɗa lokacin da muke hawowa gada. Warina ne a jikinta.

"Mama," ta ce a hankali, "wani ya riƙe mini ƙafa."

Na ga safarta ta lotsa, wuri huɗu a gaba, ɗaya a baya.

Ta fara zamewa a tsaye, kamar ana jan tabarma. Taku uku ne tsakaninta da bakin gada. Yaya ta cafke hannunta, Likita ya rungumo ƙugunta, su biyun duka suka bi ta.

Taku biyu.

Na buɗe baki. Zan so in ce muku na yi jarumta na faɗi gaskiya. Harshena ya ƙi. Shekara ashirin ina musu, ya saba.

Inna ce ta tako da gwiwoyin nan nata, ta kama bakin rigata ta ɗaga. Ga shatin takalmi biyu a farar singiletina, kore shar da funfuna.

"Ga shi nan," ta ce. Ba mu ta gaya wa ba.

Yarinyar ta faɗa jikin uwarta. Takalmin ya juyo, ya fuskance ni.

"Kai ka fito da shi, kai za ka raka shi," in ji tsohon. "Cire naka. Sa nasa. Bi tsanin ƙarshen gada har ruwa ya kai maka gwiwa. Kada ka dubi ƙasa. Kada ka cire da hannunka, shi zai karɓa."

"Baba, ba wata hanya?"

"Akwai. Yarinyar."

Na cire kambas ɗina. Na zura ƙafa. Takalmin da ya fi ni girma nesa ba kusa ba ya matse, ya zauna mini cif. Sanyi ya hau har cikin haƙorana. Ban yi niyyar tafiya ba, aka tafi da ni.

Tsani na farko. Na biyu. Ruwa a idon sawu.

Na kafa ido a kan wata tauraruwa.

Gwiwa.

Takalmin bai tsaya ba.

Cinya. Na rungumi ƙarfen tsanin da hannu biyu, tsatsa na yankar tafina. Ana ja. Ba da ƙarfi ba, da haƙuri, kamar mai jan akuyar da ya riga ya saya.

Daga sama na ji tsohon yana magana, ba da ni ba. "Abinka ka zo ɗauka. Ɗauki abinka."

Yatsu suka kewaye diddigena. Masu laushi, kamar burodin da ya kwana a ruwa. Suka zare na dama. Suka zare na hagu. Sannan suka bi tafin ƙafata daga diddige har babban yatsa, sannu a hankali, kamar baduku yana awo.

Suka sake ni.

Likita ne ya fizgo ni ta wuyan riga. Na kwanta a kan katako ina haki. Can sai kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka kama.

Ba wanda ya zage ni, kuma wannan ya fi zagi zafi. Yaya ta ɗauki 'ya'yanta ta juya mini baya. Na rarrafa na miƙa hannu zan ɗauki kambas ɗina, sai na tarar suna hannun tsohon. Ya haɗa su, yana naɗe su da zaren kamun kifi.

"Baba, nawa ne fa. Ni ai na dawo."

"Ka dawo. Amma ya auna ƙafarka. Duk takalmin da ka sa daga yau, ranar da ka cire shi ka ajiye a bakin wata ƙofa, wani zai ce na wane ne wannan. Kira ke nan. Zai ji, ko ina kake."

"Wasa kake yi."

"Gwada."

Ya shiga rumfa. Na bi shi da ido yana kife farin kambas ɗina a kan kanta, daidai gurbin da na zaro wancan. Na juya wajen Inna, don ita kaɗai ce ta saba cetona.

"Kada ka kalle ni," ta ce. "Malamin lissafi ma ya gaya maka wata rana tsiyarka za ta kama ka."

Tsohon ya fito ya ja ƙofa. Sai a lokacin na dubi ƙafafunsa da kyau. Faso ya tsattsaga diddigen, tafin ya yi kauri kamar tayar mota.

"Baba," na ce, "kai tun yaushe?"

"Shekara arba'in da ɗaya," in ji shi. "Ni ma akwai ni da ban dariya a da. Bi a hankali, hanyar masauki tsakuwa ce."