Harshen Tanimu da Darasi na Huɗu

Allon-ido ya yi ƙara sau biyu, sai ɗakin gwaji ya bayyana a gaban Tanimu. Kwalaben na haske ne, ruwan cikinsu ma haske ne, wutar kuwa ko ka sa hannu ba ta ƙuna.

"Ɗalibi Tanimu Jatau, darasi na huɗu, gwaji na ɗari da sha biyu," in ji Malam Nesa, na'urar da ke koyarwa ta cikin allon. "Da me ake gane ruwan toka ya kai ƙarfin da ake so?"

"Da harshe."

"Ba daidai ba ne. Da ma'auni ake ganewa. Za ka sake?"

"Kai dai ka sake, tun da ba ka da harshen."

Ya fizge allon daga fuskarsa ya jefa a aljihu. Shekararsa arba'in da shida, talatin daga ciki a bakin karofi, wurin rini, ya yi su, amma wai yau wani abu marar baki ne zai koya masa ruwan toka. Abin yana ci masa rai ƙwarai.

Ga yadda aka yi. A shekarar 2094 hukumar birnin Tudun Ƙarfe ta kafa doka cewa duk sana'ar da ake taɓa sinadari a cikinta, dole mai kula da ita ya mallaki takardar kemistiri ta babbar sakandare, in ba haka ba a rufe wurin. Babu aji, babu kujera. Ana ba mutum allon-ido ya yi karatu daga inda yake, kowa da saurinsa, in ka so ka gama a shekara uku, in ka so a wata guda. Sharaɗi ɗaya ne kawai, darasi ba ya buɗewa sai ka ci wanda ya gabace shi. Marinar gidan su Tanimu, ramuka goma sha huɗu a ƙarƙashin gadar jirgin lantarki, ita kaɗai ta rage a birnin da ake rini da baba na gaske, kuma a bakin Tanimu kaɗai sanin ya rage. Yakan tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya ce a ƙara toka, ko ya ce a bar ramin ya kwana biyu. Bai taɓa kuskure ba, shi ya sa girman kansa ya fi ƙarfin wuyansa.

Ƙanensa Barau bai tsaya gardama da na'ura ba. Kwana goma sha tara ya yi ya haɗiye karatun shekara uku. In ya zuba abu kwalba ta fashe, sai ya danna a goge, ya zuba wani, har ya dace. Takarda ta fito, hukuma ta rubuta sunansa a matsayin mai kula da marina, mutumin da ko muciya bai iya riƙewa ba. Tun ranar suka daina ga maciji.

"Yaya, wata bakwai kana darasi ɗaya," Barau ya ce masa wata ranar Talata a gaban marina. "Ka ce ma'auni mana a wuce wurin. Ba za ka mutu ba."

"In faɗi abin da na san ƙarya ne don ƙarfe ya yaba mini? Kai ka saba."

"To ka sani an ba mu aikin rina zane turmi ɗari huɗu, ranar Alhamis za a karɓa. Ba zan jira baban rininka ya yi mako guda yana tsima ba."

"Ka taɓa mini rami ka gani."

Barau ya yi dariyar da ta fi zagi ciwo, ya wuce.

Washegari Barau ya riga kowa zuwa. A ɗakin gwaji na haske ya sha ganin yadda soda mai ƙuna ke yin aikin toka cikin minti biyar, don haka ya juye buhu guda a kowane rami, ya ƙara da rabi wai don a yi sauri. Bai gaya wa kowa ba. Da wa zai yi shawara, shi da ke da takarda?

Da hantsi Tanimu ya iso. Ya ga kumfar ramin farko ta kwanta, launin ya ɗan sauya, bai kuma ji wani wari na daban ba. Sai ya yi abin da ubansa da kakansa suka yi duk lokacin da rami ya ba su mamaki. Ya durƙusa, ya kamfato da tafin hannu, ya kurɓa.

Ihunsa har kan gada aka ji shi.

A asibiti injin ɗinki ya gyara masa leɓe da dasashi cikin awa biyu. Likita ta ce magana za ta dawo, amma ɗanɗano ya tafi ke nan. Ta yi masa faɗa sosai, ta ce yaya babba kamarsa zai kai ruwan da bai auna ba baki, ai wannan a darasi na biyar yake, kowane ɗalibi ya san shi. Tanimu bai taɓa ganin darasi na biyar ba. Barau kuwa ya gan shi, cikin minti shida ya wuce shi.

Ba a rufe marinar ba, tun da mai takarda yana nan. An kwashe ramukan, aka sake haɗa baba da toka, Barau ya kafa ma'auni a bakin kowanne. Lamba takan nuna daidai, zane kuma ya fito fari-fari kamar an wanke shi sau ɗari. Sau uku ana haka. A na huɗun Barau ya ajiye girman kai, ya ɗebo ruwan a ƙoƙo, ya auna ya tabbatar ba ya ƙuna, ya kawo wa yayansa.

"Don Allah Yaya, me ya rage a ciki?"

Tanimu ya tsoma yatsa ya kai baki. Ya daɗe yana juya harshe, marina duk suna jira. Sannan ya miƙa masa ƙoƙon.

"Ruwa nake ji," ya ce.