Karatun Auta

Auta na tsaye a kicin, ludayi a hannun dama, littafi a hagu, tana ta zuba murya ita kaɗai. Haka Allah ya yi ta, ba ta iya karatu a zuci ba. In ƙato ne ke magana a littafin sai ta kumbura murya, in tsohuwa ce ta maƙale ta. Mijinta tela ne, kuma da wannan halin ya gan ta ya so ta, har yakan tsayar da keken ɗinki ya saurara.

Surukarta kuwa, wadda ta zo gidan don a yi mata aikin ido, ba ta ga abin burgewa ba.

"Babana!" ta ƙwala wa ɗanta kira daga falo. "Zo ka ji matarka ta fara! Mace tana hira da takarda kamar mai taɓin hankali, girki yana ƙauri?"

"Mama, karatu ne fa kawai—"

"Rufe min baki! Ko littattafan nan su bar gidan nan, ko ni in bar shi da makantata. Ka zaɓa!"

Tela ya sami matarsa yana sosa ƙeya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Sori, Auta. Ki rufa min asiri. Uwa ce, ya zan yi?"

Da hannunta Auta ta jera littattafan a kwali, hawaye na ɗiga a bangonsu, aka kai gidan yayarta. Guda ɗaya ne ya tsira, wanda aka manta da shi a kan kabad ɗin kicin.

Daga ranar gida ya yi tsit. Auta ta zama irin matar da ake nema: shara, wanki, "to Mama", "sannu Mama". Amma in ka dube ta sai ka rantse wata aka aro aka sa mata kayanta. Tela ya dawo daga shago, ta ajiye masa abinci ta koma gefe.

"Ki yi min hira mana."

"Me zan ce?"

Shi ma ya fara daɗewa a waje, abin da bai taɓa yi ba. Auta ta sha kuka a banɗaki, don tana ganin auren da suka gina da so yana hucewa a gabanta. Sau da yawa ta yi niyyar haɗa kayanta, sai ta danne zuciyarta.

Aka yi aikin, aka rufe idon Mama da bandeji, likita ya ce ta kwanta ta huta. Rediyo ne abokin hirarta, sai ranar nan garin laluben kofi ta ture shi ƙasa ya tarwatse.

Da rana Auta na zaman jinya a bakin gado, Mama ta juya tana fuskantar bango. Auta ta ɗauka barci take, ta lallaɓa ta ɗauko littafin nan da niyyar karantawa a zuci. Ina! Baki ya saba. Labarin wata mata ne da ɗanta ya bi jirgin ruwa neman aiki, shiru shiru ba labari. Ta kai daidai inda aka ƙwanƙwasa wa matar ƙofa, sai gado ya motsa. Ta yi maza ta rufe littafin.

"To, waye a ƙofar?" in ji Mama.

"Na'am? Mama, don Allah ki yi haƙuri, ban—"

"Ke, tambayarki na yi. Yaron ne?"

Ba shi ba ne, ɗan aike ne. Mama ta ja tsaki ta ce a ci gaba. Haka suka yi ta yi kullum, Mama na zagin mugaye, tana share hawaye da gefen zani. Tela ya fara dawowa da wuri, ya jingina da ƙofa yana kallon matarsa tana kwaikwayon muryar matuƙin jirgi. Ya ce a ransa, ashe kewarta nake yi tana cikin gidana.

Ranar da suka zo ƙarshe, Auta ta juya shafi ta tsaya.

"Mama, babu sauran. An yage ƙarshen."



"Ni ce," in ji Mama. "Da shafukan na kunna risho ranar da na yi fushi. Ki yafe min, 'yata. Abin da ban sani ba na tsana, na kusa kashe muku aure."

Auta ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka. Haƙurin Auta ne ya tsare mata gidanta, kuma iyaye su sani, wanda aka raba da abin da ke faranta ransa, gangar jikinsa kawai ake zaune da ita.

Mama ta ɗago ta juya wajen ƙofa.

"Kai kuma Babana, tsayuwar me kake yi? Gobe ka rufe shagon nan, ka zaga kasuwa ka nemo mana irinsa. Ba zan mutu ban san ko yaron nan ya dawo wa uwarsa ba!"